Turken Ribar Banki

Mun tashi da asuba, salla kawai muka yi muka kama hanya. Ko koko ban tsaya sha ba, don a 'yan kwanakin nan abincin gidanmu ba ya wuce mini maƙogwaro. Mu uku ne: ni, da Kawu ƙanin Inna, da wani maƙwabcinmu mai fataucin albasa, wanda ya ce ya san Zariya kamar yunwar cikinsa. Kawu na riƙe da sanda da buta, ni kuwa ina saɓe da buhu. Abin da ke cikin buhun nan, da ɗan doka ya leƙa, da sai dai ku ji labarina daga gidan yari. Turke ne na gwamnati, na katako, mai jan kai, ni na tumɓuke shi da hannuna daga gonar Baba.

Bari in warware muku, don waɗanda ba 'yan garinmu ba. Baba ya bar mana fadama a bakin kogi, muna rake da albasa da dankali. Tun da ya rasu ni da ƙanina ba mu raba ba, gandu ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. To, ran wata kasuwa ba na gida, sai ga Baturen safiyo, mai awon ƙasa, da mutanensa, da wani madubi mai ƙafa uku. Mai unguwa ya ce a ba su wanda zai riƙe musu sanda, ƙanina ya tafi. Maƙwabcin nan yana gonarsa, kunnensa biyu. Ya ce Baturen ya tsaya a kan gaɓa, ya nuna ƙasar gonarmu da yatsa, ya ce, "Riba bank." Ya sake faɗa. Ƙanina ya gyaɗa kai ya ce, "Yassa." Nan take aka kafa turke. Da yamma kuma sai ga shi ya shigo gida da hular kaki a kansa da gwangwanin kifi a hannu.

Maƙwabci ne ya yi mana fashin baƙi. Ya ce riba dai kowa ya san ta, banki kuwa gidan kuɗin Turawa ne a Sabon Gari, to ku haɗa biyun ku gani. Na haɗa, na gani. Na tsare ƙanina, ya rantse bai san komai ba, ya ce yassa ɗin ma mutanen Baturen ne suka ce ya riƙa faɗa. Ni kuwa ruwa ba ya tsami banza, wa ke ba mutum hula don ya riƙe sanda? A ƙofar gida, gaban mutane, na ce masa ya sayar da gumin Baba a kan hula da kifin gwangwani. Ya juya ya shige gida. Tun ranar bai sake sa hannu a akushinmu ba. Inna ta rame, ta ce in je in binciko gaskiyar maganar nan kafin ruwan shuka ya sauka, in ba haka ba gandun da Baba ya bari a hannuna zai watse tana raye tana kallo.

Daga garinmu zuwa bakin titi tafiyar ƙafa ce mai ɗan dama, kuma bazara ce, tun hantsi rana ta fara nuna hali. Muka sami wata tsohuwar motar katako da ta taso daga wajen Funtuwa, ta ɗauko buhunan dawa da awaki da mutane. Karen motar ya ce sule da sisi kowane kai. Maƙwabci ya ja da shi aka dawo sule da taro, amma na lura da zai biya nasa sai da ya juya mana baya. Na dai ajiye a raina. Karen motar ya tambayi abin da ke cikin buhuna, na ce muciya ce zan kai wa 'yar'uwata. Ya ce lallai 'yar'uwar nan taka gidan yawa take tuƙa wa tuwo. Na dafe buhun na zauna a kansa. Hanyar nan gargada ce zalla, duk ramin da motar ta faɗa sai turken gwamnati ya tuna mini yana nan.

Hirar cikin mota ta zaɓe ce da mulkin kai, kowa na fashin baƙi kamar da shi aka yi shawarar. Akwai wani mai farar riga fes, wanda ban ga dalilin da zai shigo motar awaki da irin wannan riga ba. Sau biyu yana tambayata daga wane gari nake. Na ce daga gaba. Kawu ya raɗa mini cewa mai sayar da turare ne, ga ƙamshi nan yana tashi. Na ce Kawu, ɗan sandan ciki ai ba ya zuwa da warin ɗan sanda.

Muka sauka a Samaru, don an ce nan masu awon ƙasa suke da ofis. Jama'a, na ga gonaki, amma ban taɓa ganin irin na nan ba. An yanka su daidai wa daida kamar alkaki a faranti, kowace da ɗan allonta da lamba. Kawu ya ce gona da lamba sai ka ce fursuna. Ga itatuwan mangwaro da dalbejiya a jere, ga gidajen Turawa can ciki da jan rufi, ga wani makeken gini ana ta yi, an ce babbar makaranta ce, leburori na hawa da sauka da kwanon siminti a ka. Abin kyau dai da kyau. Amma ni abin da idona ya tafi kai shi ne turaku. Ko'ina turaku, masu jan kai, 'yan'uwan wanda ke cikin buhuna. Sai na ce a raina, wannan filin duk ai gonar uban wani ce a da, shi ma da turke ɗaya aka fara masa.

Mun karya a gindin wata bishiya. Waina biyu kwabo, kuma mai kyau ce, ba zan ci haƙƙin mai wainar ba. Mangwaro kashi guda ɗari, wato rabin kwabo, har sai ka gaji. Furar ce dai ban yaba ba, nonon ya sha ruwa har yana nuna maka ƙasan ƙwarya.

A ƙofar ofishin muka tarar da maigadi, wani tsohon soja da ya je yaƙin Bama, kowa Saje yake ce masa. Dogo ne, ya sa tsohuwar rigar soja an goge ta tsaf. Maƙwabci ya ce mu bar masa magana, shi ya san hannun mutanen gwamnati. Ya gaishe shi, ya ce mun zo ne a kan batun gonarmu da banki ya sa wa hannu. Saje ya dube mu sama da ƙasa ya ce nan ba a harkar kuɗi, masu awon ma sun fita daji, in banki muke nema yana Sabon Gari. Ya koma kan bencinsa. Saurin da ya yi wajen sallamarmu bai yi mini ba, na ce lallai an riga an gaya masa muna tafe.

Wata motar yashi ta rage mana hanya a kan taro taro. Muka wuce Palladan, inda aka share wani fili fetal, babu ko kututture, wai na saukar jirgin sama ne. Na tambaya ko gonar wa ce a da, direban ya ce shi yashi yake ɗauka, ba tarihi ba. Can hannun dama ana hango dutsen Kufena ya yi zaune abinsa, shi kaɗai na gani a tafiyar nan da na tabbata ba a kafa wa turke ba, shi ma don daga nesa nake.

Sabon Gari kuwa sai wanda ya gani. Jirgin ƙasa na kuka, garmaho na kuka, teloli na taka keke a kowace baranda, mata 'yan kudu na soya abubuwan da ban san sunansu ba. Hausa na tashi, Yarabanci na tashi, ga wani guntun Turanci da kowa ke jifan kowa da shi. Ruwa, ruwan da Allah ya saukar kyauta, garwa guda kwabo. Kawu ya ƙanƙame butarsa. Maƙwabci ya sa muka sha shayi da burodi a kan taro, burodin kamar auduga, ka ci ka tashi kamar ba ka ci ba. Duk wanda ya goge ni a cikin kasuwa sai na shafa buhu, ko da yake da ɓarawo ya sace shi ma da ya rage mini kaya.

Bankin gini ne mai kaurin bango, tagoginsa da sandunan ƙarfe. Na tsaya ina kallonsa, na ce ashe kai ne. Muka cire takalma a ƙofa, masinja ya ce mu mayar, ba masallaci ba ne. Aka kai mu gaban wani akawu ɗan kudu mai tabarau da igiya a wuya. Ya ɗaga kai ya ce, "Wetin yu wan?" Na juya wajen maƙwabci, mutumin da tun daga gida yake cika mana baki da Turanci. Gogan naka ya buɗe baki, ya rufe, ya ce wai wannan ba irin Turancin da ya iya ba ne. Masinja ne ya yi tafinta. Da aka gaya wa akawun cewa mun zo jin yadda aka yi gonar rake ta zama ribar banki, sai ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ya ce banki ba ya noma, bai san garinmu ba, bai san ƙanina ba. Ya kira na kusa da shi ya ba shi labari, shi ma ya dara.

Na fito raina a ɓace. Kawu ya ce to, ka ji, babu. Na ce Kawu, wanda ya ci amana ka taɓa jin ya ce na ci? Dariyar nan ma ta yi yawa, wanda ba shi da laifi ba ya dariya haka.

La'asar ta yi, ba mu da masauki. Sai Kawu ya tuna da wani malamin makarantar mishan da ke zaune a Jushi, asalinsa mutumin ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu ne. Iyayensa masu bin gargajiya ne, shi ya shiga Kirista ya yi boko. Tare muka yi kiwon awaki da shi muna yara. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, matarsa ta yi mana tuwon dawa miyar kuka mai daddawar gida, shi ne abinci na farko da na ci a Zariya na san na ci. Bayan mun wanke hannu na kwance buhu na nuna masa. Ya ce wa maƙwabci ya maimaita abin da Baturen ya faɗa, yadda ya faɗa, kada ya ƙara kada ya rage. Maƙwabci ya gyara murya ya ce, "Riba bank." Malam bai yi dariya ba, amma na ga ya sa hannu ya toshe baki na ɗan lokaci. Sa'an nan ya ce ba zai gaya mini da baki ba, don ya san halina tun muna kiwo, in bari sai da safe ya nuna mini.

Washegari ya kai mu bayan makarantarsu kafin yara su taru. Akwai wani wuri da aka kewaye da duwatsu, an gina ƙasa a ciki da laka da siminti: ga tuddai, ga kwaruruka, ga hanyar ruwa, duk ƙanana kamar wasan yara. Ya ce da shi yake koya musu sunayen ƙasa da Turanci. Ya ɗora yatsa a kan wani ɗan tudu ya ce wannan sunansa hil. Kawu, da yake ya daɗe a ƙasar Katsina, bakinsa ya juye, ya ce, "Hili? Wannan tudun ne hili?" Malam ya ce a'a, abin da muke ce wa fili, shimfiɗaɗɗe, su filen suke ce masa, hil kuwa tudu ne. Na ce ka ji ko, harshen da zai kalli tudu ya ce hili, me zai hana ya kalli gonar mutum ya ce tasa ce?

Ya ci gaba. In hil ya girma ya ƙasaita sai ya zama mauntin. Na ce a wane tsawo yake zama? Ya ce su ma ba su daidaita ba. Na ce Kufena fa? Ya ce wasu su ce hil, yaransa su ce mauntin, wani Bature kuma ya ce masa rok ne kawai, wato dutse. Abu ɗaya suna uku, kamar ɓarawon da ke sauya gari. Tsakanin tudu da tudu, inda muke cewa kwari, shi ne bali, kuma ba a samun bali sai da hil, kamar yadda ba a samun kwarin kunya sai da kunya. Wannan na yarda da shi, don na san shi a gona. Sa'an nan ya nuna wani tudu mai kai a baje kamar an kife faranti, ya ce wannan filato ne. Maƙwabci ya yi farat ya ce ƙarya ne, Filato ai lardin Jos ne, ya sha kai albasa. Malam ya ce ai saboda ƙasar can haka take shi ya sa aka sa mata sunan. Shekara da shekaru maƙwabci na hawa abu bai san sunansa yake faɗa ba.

Daga nan Malam ya karɓi butar Kawu, Kawu na kallo kamar za a zare masa rai, ya tsiyaya ruwa a kan tudun. Ruwan ya gangaro ta 'yan ƙananan hanyoyi, ya ce waɗannan rafuka ne, sitirim. Suka haɗu suka zama babbar hanya ɗaya. Ya ce, "Wannan fa, da Hausa?" Na ce kogi. Ya ce, "Da Turanci, riba." Ya ɗora yatsu biyu a gefe da gefen ruwan. "Nan da nan fa?" Na ce gaɓa. Ya ce, "Bank. Kowane riba yana da bank biyu. Baturen nan gaɓar kogi ya ce, kuma a kan gaɓar kogi yake tsaye."

Kuna tsammani na yi murna? Ko kusa. Abin ya zo da sauƙi da yawa. A ce kalmomi biyu, duka biyun na kuɗi, su taru a kan gonata, sa'an nan a ce mini wai ruwa da ƙasa ake nufi? Na ce Malam, to don me gidan kuɗi da gaɓar kogi za su ci suna ɗaya? Ya ce haka harshen yake. Ya ƙara da cewa kwarin da ruwan ke kwanciya a ciki ma bed suke ce masa, wato gado, inda kogi ya faɗa babban ruwa kuma maut, wato baki. Kududdufi fond ne, fam ɗin kuɗi kuwa a bakinsu faund. Na ce to ka gani! Kogi riba, gaɓa banki, kududdufi fam. Mutanen nan duk inda suka ga ruwa kuɗi suke gani, ka ce kada in yi zargi?

Malam ya ce in yi adalci. Mu da muke cewa bakin kogi, in Bature ya tsaya neman haƙoran kogin, laifin wa? Dutsen niƙa dutse, Kufena dutse, gindin dutse kuma ba wanda ya taɓa ganin ya zauna da shi. Kama da wane ba ta wane, in ji shi. Kawu ya gyaɗa kai. Na tambaye shi fadama fa, me suke ce mata? Ya ce nan kam sun rasa. Suna da suwam, suna da mash, amma duk na wurin da ruwa ya kwanta ba a moriya ne, ba su da kalma ɗaya da ta kama fadamar da ake nomawa da rani, don haka Turawan Samaru fadama suke cewa, da bakinsu. Ya faɗi haka ne don in ji daɗi. Ni kuwa sai na ji wani sabon abu ya tsaya mini: yau sun ɗauki sunan, gobe fa?

Muka yi godiya muka yi sallama. Mutumin kirki ne, ya ba mu masauki, ya ba mu tuwo, har da guzurin gyaɗa. Amma a hanya ina ta juya abin. Albashinsa daga hannun wa yake fitowa? Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Kuma na ba shi labarin tun daren jiya, ya kwana da shi, yana da lokacin da zai shirya mini amsa. Ina son in ji daga bakin wanda bai san abin da nake nema ba.

Saboda haka da muka iso Samaru na ce a sauka. Na gargaɗi maƙwabci cewa in ya buɗe baki zan sa masa turken nan a ciki. Na sayi goro na taro na kai wa Saje, na ce jiya mun zo a gaggauce ba mu gaisa sosai ba. Na zauna na yabi rigarsa, na ce an ce sojan Bama sun fi akawu jin Turanci. Ya gyara zama. Na fara daga nesa, don kada ya gane inda na dosa. Na ce yaya suke ce wa tudu? Ya ce hil. Kwari fa? Ya ce bali, ya kwana a cikinsu ruwa na dukansa. Na tambayi doki, na tambayi bindiga, don in ɓad da sawu. Sa'an nan na ce, kamar abin bai dame ni ba, kogi fa?

"Riba," in ji Saje.

"Gaɓarsa fa?"

"Bank. Kai, wannan kalma ba zan manta da ita ba. In muna tsallake ruwa da kaya a ka, hafsa na ihu a kai bank, a kai bank. Da kuɗi ne a bank ɗin nan, ɗana, da ka same ni a nan ina gadi?"

Ba gonar na fara tunawa ba. Fuskar ƙanina na gani a ƙofar gida, da hular kaki a hannunsa, mutane sun kewaye mu.

Na kwance buhu na nuna wa Saje. Ya zabura kamar ya ga maciji, ya ce in rufe, in rufe! Ya ce wannan fegi ne, wato alamar masu taswira, suna bin kogin ne suna zana inda ya bi, ba ruwansu da raken kowa, hular kuwa duk wanda ya riƙe musu sanda suna ba shi irinta in ta tsufa. Amma cire shi laifi ne babba, in mayar da shi ramin da na same shi, ba gaba ba baya, kafin su komo. Ya ce da jiya haka muka yi masa bayani da ba mu sha rana zuwa Sabon Gari ba. Duk muka juya muka kalli maƙwabci. Ya ce shi dai abin da kunnensa ya ji ya faɗa. Kawu ya ce kunnenka ya ji daidai, bakinka ne ya yi ƙari.

Motar komawa ban san nawa aka biya ba, Kawu ne ya biya. Ban ji gargada ba, ban lura da wanda ke kusa da ni ba. Gabas ta fara haɗa hadari, iska na kawo ƙamshin ruwa daga wani wuri. Kawu ya yi ta ba ni baki, yana cewa ɗan'uwa rabin jiki ne, in na yi masa bayani zai huce. Na ce Allah ya sa.

Mun shiga gari rana ta yi sanyi. Tun daga bakin rijiya na hango gidanmu, na ga hayaƙi biyu yana tashi. Tun da aka haife ni hayaƙi ɗaya na sani a gidan nan. Na shiga na tarar an kafa sabon murhu a ƙofar ɗakin matar ƙanina, duwatsu uku sababbi, ko baƙi ba su gama yi ba, ga zana an jingine za a tsaga tsakar gida. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, ta dube ni.

Ƙanina ya fito ya ce, "Sannu da hanya, Yaya," kamar yadda ake gaida baƙo. Na ce masa ina neman alfarma. Na ce turken nan dole ya koma raminsa, ni kuwa cikin fushi na cire shi, shanu sun tattake wurin, ba zan gane ba, shi kaɗai ya san inda yake. Ya shiga gaba na bi shi. A bakin kogi ya duba, ya share ƙasa da ƙafa, ya nuna. Ya durƙusa ya riƙe turken da hannu biyu, ni na ɗauki dutse ina bugawa. Ina bugawa ina ba shi labari, riba kogi ne, bank gaɓa ce, da Malam da butar Kawu, da Saje da yaƙin Bama. Na so ya yi dariya. Bai yi ba. Da turken ya zauna ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

Ya ce, "Yaya, abin da Bature ya faɗa ban ji ba, har yau ma bai dame ni ba. Naka na ji. Naka da Hausa ka faɗa."

Na ce ya yafe mini, ya ce Allah ya yafe mana duka, muka taho gida yana gaba ina baya.

Da aka kawo tuwo, akushi biyu aka kawo, ɗaya daga kowane murhu. Inna ta taso da kanta, ta juye ɗaya a cikin ɗaya, ta ajiye a tsakaninmu, ta koma ta zauna inda za ta riƙa ganinmu. Ya sa hannu ya ci. Ba da yawa ba, amma ya ci. Da safe na tara mutanen da na yi maganar a gabansu, a ƙofar gidan da na yi ta, na janye ta. Sai dai magana zarar bunu ce, kun sani, na sani.

To, abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan. Na dawo da Turancin tudu da kwari da kogi da gaɓa, wanda ba zai ƙara mini ko kara ɗaya na rake ba, kuma har gobe ban gama yarda da harshen da ya sa wa gaɓa sunan gidan kuɗi ba, ina nan ina sa ido a kan turken. Amma kalma biyu ta Bature sai da na hau mota na tambayi mutum uku kafin in yanke mata hukunci, rantsuwar ƙanina kuwa, ciki ɗaya, ko zama ban yi na saurare ta ba. An yi ruwan shuka, mun shuka tare. An mayar da zanar bayan rumbu. Murhun nan dai ba a tashe shi ba, ni kuma ba ni da bakin da zan ce a tashe shi. Kullum da safe in na fito alwala sai na saci kallonsa. Yau ma na duba, babu sabuwar toka, amma duwatsun suna nan.